Hoton HDR na gine-gine: zaure ya yi baƙi, ƙofa ta ƙone, ta ina ake farawa?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum iyayen gida. Ina neman a ɗora ni a hanya. Aikin da ke gabana shi ne ɗaukar cikin wani tsohon zaure na ƙasa, mai rufin daurin guga, ƙofa ɗaya ce ke ba shi haske. In na saita kyamara don rufin ya fito, ƙofa da tsakar gida sai su zama fari fat. In na saita don ƙofar, sauran ɗakin baƙi ƙirin. An ce HDR ne maganinsa, wato a ɗauki hotuna da yawa masu haske daban-daban a haɗa su su zama ɗaya. Kyamarar Canon ce ƙarama da lens 18-55, akwai kuma ƙafa uku. Hoto nawa ake ɗauka, kuma da me ake haɗa su?

Mai Hoto Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka tambayi hoto nawa, fara auna tazarar da ke tsakanin wurin da ya fi haske da wurin da ya fi duhu. Ita ce za ta faɗa maka adadin.

Da mataki ake lissafin haske. Mataki ɗaya shi ne ninki biyu: daga shota 1/500 zuwa 1/250 ka ninka hasken da ke shiga, mataki ɗaya ke nan. Kafa kyamara a kan ƙafa uku, juya ta zuwa M, wato saiti da hannu, ISO 100, ƙofar lens f/8. Zaɓi awon haske na ɗigo, wanda ke karanta tsakiyar hoto kawai. Nuna shi ga tsakar gida ta cikin ƙofa, murza shota har alamar ta tsaya a sifili, rubuta lambar. Sai ka nuna shi ga lungun rufin da kake son zanensa ya fito, ka sake rubutawa. In Canon ɗinka ba ta da awon ɗigo, akwai na yanki, shi ma yana yi in ka matsa kusa. Kawo mana lambobin biyu.

Ɗan Koyo:
Na gwada da hantsi, Yaya. Waje ya ba ni 1/1000, rufi kuma daƙiƙa 1 cif.

Mai Hoto Tudun Wada:
To ƙirga: 1/500, 1/250, 1/125, 1/60, 1/30, 1/15, 1/8, 1/4, 1/2, 1. Mataki goma. Kuma ka tuna awon nan matsakaicin kowane ɓangare ya ba ka, akwai abin da ya fi haske a waje, akwai abin da ya fi duhu a ciki. Hoto ɗaya ba zai ɗauke wannan da tsabta ba.

Tazarar mataki biyu-biyu ta isa in RAW kake ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. Jerinka ke nan: 1/1000, 1/250, 1/60, 1/15, 1/4, da daƙiƙa 1. Hoto shida.

Ƙananan Canon suna da AEB, wato ɗauka hawa-hawa da kanta, amma a yawancinsu hoto uku kawai take yi: na tsakiya, da mataki biyu sama, da mataki biyu ƙasa. Ga dabarar: saita AEB a kan 2, sa shota a 1/250, ɗauki uku, za ta ba ka 1/1000, 1/250, 1/60. Sai ka murza shota zuwa 1/4 a hankali ba tare da ka ture kyamarar ba. Mataki shida ne, kuma tunda kowane ƙas na dayal sulusin mataki ne, ƙas 18 za ka ƙirga. Ɗauki uku na biyu: 1/15, 1/4, 1. Shi ke nan.

Shota kaɗai ke canzawa. Kada ka taɓa f/8, don in ƙofar lens ta canza, zurfin abin da ya fito tar zai bambanta daga hoto zuwa hoto, manhaja ta kasa haɗa gefuna. Kada ISO ya zauna a kan oto. Fokos ma ka saita shi sau ɗaya, ka mayar da makunnin lens ɗin zuwa MF, wato fokos da hannu, in ba haka ba a hotuna masu duhu zai riƙa kai da komo yana nema.

Injiniya Sabon Gari:
Ƙari kan abin da Mai Hoto ya faɗa, ga masu Nikon D3300, D3400 da D3500: waɗannan ba su da AEB kwata-kwata, kada ku wahalar da kanku kuna lalube a menu. Da hannu za ku yi, ƙas shida tsakanin kowane hoto.

Sannan girgiza. A 1/15 zuwa 1/4 ne ta fi yin ɓarna, don nan ne bugun madubin cikin kyamara ke cinye kaso mai yawa na lokacin ɗaukar. Sa jinkirin daƙiƙa 2. A Canon in ka haɗa jinkirin da AEB, dannawa ɗaya za ta sauke ukun a jere ba sai ka sake taɓa ta ba. Kashe IS na jikin lens, wato mai hana girgiza, tunda kyamarar tana kan ƙafa uku. In daɓen ƙasa ne ko yashi, danna ƙafafun su zauna sosai kafin ka fara, kada ka ɗora su kan tabarma ko darduma, kuma kada ka ɗaga sandar tsakiya sai dole. Ƙafa ukun nan masu araha, da ka ɗaga tsakiyar sun koma ƙafa ɗaya.

Baba Mai Nagatif:
Ni ina da ja. Yaran yanzu komai HDR, har abin da bai kai ya kawo ba. Kyamarorin da ke kasuwa yau, a ISO 100 da RAW, suna riƙe mataki 12 zuwa 14. Gaban gida da yamma, rana na bayanka, hoto ɗaya ya wadatar. Ka saita don kada fari ya ƙone, ka ɗaga inuwa kaɗan a kwamfuta. Haɗa hotuna shida a irin wannan wuri ɓata lokaci ne da cika katin ajiya, ga kuma sababbin matsaloli da ka jawo wa kanka: ganye ya motsa, mutum ya gifta.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1850 Gustave Le Gray a Faransa yake ɗaukar teku a nagatif ɗaya, sararin sama a wani, ya haɗa su wajen bugawa. Lissafin da kwamfuta ke bi kuma Paul Debevec da Jitendra Malik suka bayyana shi a 1997. Sunan ne ya yi tashe daga baya.

Mai Hoto Tudun Wada:
Baba ranka ya daɗe, a kan gaban gida ban ƙi taka ba. Amma mataki 14 ɗin nan lissafin ɗakin gwaji ne. Matakai uku ko huɗu na ƙasa cike suke da tsaki-tsaki, musamman a ƙananan Canon na da, inda in ka ɗaga inuwa mataki huɗu sai layuka da ɗigon ja da kore su bayyana. Zauren yaron nan kuma duk abin da ake son gani yana cikin inuwar.

Baba Mai Nagatif:
A zaure na yarda. Abin da nake so ya riƙe shi ne ya duba histogiram, wato zanen tudun da ke nuna rabon haske a hoto, duhu a hagu fari a dama, kafin ya yanke hukunci. In tudun bai bugi bangon dama ba, bai bugi na hagu ba, babu buƙatar jeri. In kuma zai yi jerin, ga yadda zai san ya gama: a hoto mafi duhu, kada ko'ina ya yi ƙiftawar gargaɗin ƙonewa, ban da ƙwan fitila ko rana kanta. A hoto mafi haske, tudun ya janye daga bangon hagu ya bar fili. In waɗannan biyun sun cika, ko uku ne sun isa. In ba su cika ba, ko tara ne aikin banza.

Hajiya Mai Zanen Gini:
Bari in shigo ta ɓangaren ginin, don ina ganin nan ne aka fi yin kuskure.

Magini bai yi zaure don ya yi haske kamar ofis ba. Bango mai kauri, taga ƙarama can sama ko ma babu, an yi ne don sanyi da kuma hutun ido ga wanda ya fito daga rana. Hasken yana shigowa ta ƙofa, ya bugi ƙasa, ya hau bango, ya ƙare a hankali a jikin bakan gizo. Wannan raguwar hasken ita ke nuna wa mai kallo cewa rufin a lanƙwashe yake, ita ke fitar da haƙarƙarin daurin guga ɗaya bayan ɗaya. In a manhajar gyaran hoto ka ja Shadows, mai ɗaga inuwa, zuwa +100, ka ja Highlights, mai rage wuraren haske, zuwa -100, rufi da ƙofa suka zama haske ɗaya, ka shafe siffar ginin. Sai ya koma kamar zanen da aka yi a kwali.

Don haka a hoton ƙarshe, ƙofa ta ci gaba da zama wuri mafi haske, tana gab da fari amma ana ganin abin da ke tsakar gida. Lungun rufi ya ci gaba da zama mafi duhu, amma ana iya bin layin azara da ido. Duk wanda ya ga hotunan cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, zai gane abin da nake nufi: manyan ginshiƙan da zanen da aka tayar a jikinsu inuwa ce ke ba su jiki. Haka ɗakunan Gidan Makama a Kano.

Abu na biyu, kuma ku yi hattara da shi: bangon tubali ba a miƙe yake ba. Gindinsa ya fi samansa kauri, yana tsukewa yana hawa. Upright, mai miƙar da layuka a manhajar Lightroom, in ka bar shi a Auto ko Vertical zai ɗauka karkata ce ta kyamara, ya miƙar da bangon, ya buɗe saman ginin kamar kwando. Gyaran tun wajen ɗauka ake yinsa: kyamara ta kwanta daidai, ba ta kallon sama ba ta kallon ƙasa. Ƙaramin lebur na ruwa da ake soka shi a mazaunin filasha ya isa. Tsayin kyamara a cikin ɗaki wajen mita 1.2 zuwa 1.5. In dole sai ka gyara daga baya, yi amfani da Guided ka ja layin a kan abin da ka tabbata a tsaye yake, kamar firam ɗin ƙofar ƙarfe.

Ɗan Koyo:
Hajiya na gode. Amma a 18mm rufin ba ya shiga sai na ɗaga kan kyamarar.

Hajiya Mai Zanen Gini:
Saboda 18mm a ƙaramar sensa kamar 29mm ne a babba, bai da faɗin da cikin ɗaki ke so. Hanya uku. Ka juya kyamarar a tsaye, ka bar ta a lebur, daga baya ka yanke rarar ƙasan. Ko ka nemi lens 10-18mm, wanda shi ne mai sauƙin kuɗi a Canon don wannan aiki. Ko kuma ka ɗauki rufin shi kaɗai, kyamara na kallon sama sak daga tsakiyar ɗaki, wanda sau da yawa ya fi kowanne kyau a daurin guga. Lens mai zamewa irin TS-E 17mm ko 24mm shi ne na ƙwararru, amma kuɗinsa ya ninka na kyamararka, bar shi tukuna.

Injiniya Sabon Gari:
Haɗawa. In kana da Lightroom, daga na 6 da ya fito a 2015 zuwa sama: zaɓi hotunan shida, danna Ctrl da H. Bar Auto Align a kunne ko da kan ƙafa uku ka ɗauka, don murza dayal ɗin nan yakan gusar da ita kaɗan. Cire Auto Settings, shi ke fara lalata hoto. Deghost, mai gyara abin da ya motsa tsakanin hotuna, bar shi a None in babu abin da ya motsa. Zai ba ka fayil DNG, kuma za ka lura sandar Exposure ta koma daga -10 zuwa +10 maimakon 5 da aka saba. Hoton zai fito a dushe ko da duhu, kada ka tsorata, haka yake.

Daga nan: daidaita Exposure don bangon tsakiya ya yi yadda ido ya gan shi. Highlights ka sauke har tsakar gida ta bayyana, ka tsaya. Shadows kada ya wuce +40 ko +50 a karon farko. Abin da ya rage ka yi shi da buroshi ko maski a wurin da ke buƙata kawai, ƙofa daban, rufi daban. Clarity da Dehaze a taɓa su da tsoro.

Wanda ba shi da kuɗin Adobe, akwai Hugin, kyauta ne, kuma a cikinsa akwai Enfuse. Shi ba ya gina fayil ɗin HDR, yana zaɓar ɓangaren da ya fi kyau daga kowane hoto ne ya saƙa su. Ga gine-gine sakamakonsa yakan fi kama da gaskiya. Ka fitar da hotunan a TIFF 16-bit ba tare da ka gyara haskensu ba, sannan ka rubuta waɗannan umarni biyu a Terminal ko Command Prompt:

align_image_stack -a jeri_ *.tif
enfuse -o zaure.tif jeri_*.tif

Luminance HDR da darktable su ma kyauta ne. Photomatix na kuɗi ne, yana aiki, amma ka guji saitunan da ke mayar da hoto kamar fenti.

A kan wuri: RAW na megafiksel 24 yana kai MB 25 zuwa 30, jeri ɗaya na shida ya kusa MB 180. Kusurwa goma a gini ɗaya ka doshi GB 2. Tsakanin jeri da jeri ka ɗauki hoton tafin hannunka, don in ka zo kwamfuta ka san inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da aiki. Ni a kan waje zan yi magana, don wanda ya fara da zaure gobe zai fita ɗaukar hasumiya.

Babbar cutar HDR a waje ita ce farin zobe: wani haske da ke kewaye gefen gini inda ya haɗu da sama. Manhaja tana duhunta sama tana haskaka bango, a kan iyaka sai ta rikice. Gininmu kuwa duk iyaka ne. Dubi hasumiyar masallacin Agadas, mita 27, itatuwa sun fito daga jikinta ta kowane ɓangare, ko zankwayen da ke saman fadar Damagaram da Gobarau ta Katsina. Kowane zanko, kowane itace, zai samu nasa zoben. Don ka gane shi, rage hoton ya zama ƙarami kamar tambarin wasiƙa, a nan ya fi fitowa. Maganinsa rage Shadows da Clarity, a bar bango ya ɗan yi duhu in rana na bayansa.

Kafin haɗawa ko bayanta, kunna Remove Chromatic Aberration, in ba haka ba jan layi da koren layi na gefen itatuwan za su ƙaru.

Lokaci kuma ya fi manhaja. Da tsakar rana a nan rana tana bisa kai, zanen da aka tayar a bangon ƙofar gida ba ya yin inuwa, ya kwanta. Hantsi na fari ko bayan la'asar, lokacin da haske ke shafar bango ta gefe, shi ke tayar da shi. Ku kuma lura, a Kano da Zariya da kewaye, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da tsakar rana, sauran shekara ta kudu. Bangon da ke kallon arewa, in kana son rana a jikinsa, a waɗannan watanni za ka same ta. Da rani yini yake a inuwa, a nan ne jeri na uku zai yi amfani.

Bayan faɗuwar rana, shuɗin sama da ke daidai da hasken fitilun gini ba ya daɗewa a ƙasashenmu, minti 20 da 'yan kai ne. Ka kafa tun kafin a kira magariba, ka ɗauki jeri duk bayan minti biyu ko uku. In masallaci ne, lokacin jama'a ke shigowa, don haka a nemi izinin liman ko ladan tun da rana, a tsaya daga nesa, kada a tare hanya. Fada ma sai an gaida masu ƙofa an faɗi abin da ya kawo ka.

Baba Mai Nagatif:
Ka manta hunturu, ɗan nan. Hazo yana rage tazarar haske da kansa, sama ta yi fari-fari, inuwa ta yi laushi, yawanci hoto ɗaya ya isa. Amma ƙurar tana shiga sensa, kuma HDR yana tono kowane ɗigo a sararin sama. Ɗauki sama ko farin bango a f/16 kafin ka fita, ka duba. A hura da famfon roba, kyamara na kallon ƙasa, ban da baki. Kada a canza lens a fili.

Ɗan Koyo:
Na ɗauki shidan na haɗa. An ga rufi, an ga tsakar gida, alhamdu lillahi. Saura matsala uku. Gefen ƙofa ya yi wani hayaƙi-hayaƙi kamar an shafa madara. Bangon ya koma ruwan lemo, alhali jan ƙasa ne mai duhu. Sannan wata kaza da ta wuce a waje ta fito sau uku.

Mai Hoto Tudun Wada:
Kazar ce mafi sauƙi. Sake haɗawa da Deghost a Low ko Medium, kunna Show Deghost Overlay ka ga jan da ya rufe wurin. Kada ka kai High sai dole, don wurin da ya gyara daga hoto ɗaya yake ɗebowa, in mai duhu ya ɗebo sai tsaki-tsaki ya taru a nan. Labule, fanka, ganyen darbejiya ta taga, duk haka suke yi. Fanka a kashe ta kafin a fara.

Madarar gefen ƙofa ba laifin manhaja ba ne. A hoton daƙiƙa 1, hasken ƙofar ya fi ƙarfin abin da aka saita da mataki goma, yana warwatsuwa a cikin gilasan lens ya zuba kan bango. Cire filtar UV in akwai, goge gaban lens, ko shatin yatsa ɗaya yana ninka abin. Sannan ƙara hoto na bakwai: saiti irin na mafi haske, amma ka riƙe ɗan baƙin kwali ko yatsanka a gaban lens ya rufe ƙofar kaɗai. Bangon zai fito wasai. A Photoshop ko GIMP ka ɗora shi a kan haɗaɗɗen, ka goge wurin yatsan da maski. In akwai mai taimaka maka, ya saki asabari ko baƙin zane a ƙofar daga waje, ya fi sauƙi, sai dai hasken ɗakin zai ragu, ka ƙara lokacin shota.

Hajiya Mai Zanen Gini:
Ruwan lemon kuma abu biyu ne. Na farko, ina zargin ma'aunin fari yana kan oto, kowane hoto ya zo da nasa launi. Tsayar da shi a Daylight, wajen 5200K, ko tunda RAW ne ka daidaita duka shidan a lamba ɗaya kafin haɗawa. Na biyu, hasken da ke cikin zaure ya riga ya bugi jar ƙasa kafin ya iso bango, ja a kan ja ke nan, kuma ɗaga inuwa yana ƙara wa launi ƙarfi. Ka ajiye katin toka ko farar takarda a jikin bangon ka ɗauki hoto ɗaya na gwaji, ka ɗauki ma'auni daga nan, amma kada ka cire ɗumin gaba ɗaya, ka tsaya a tsakiya. Sai ka shiga HSL, sashen gyaran launi, ka rage Saturation na Orange da kamar 10 zuwa 20. Bangon da aka shafe da makuba launinsa ya fi karkata ga ruwan ƙasa mai duhu, in ya yi kama da bulo na gasawa ka wuce gona da iri.

Injiniya Sabon Gari:
In akwai ƙwan lantarki a zauren, ka yanke shawara tun farko: a kunne ko a kashe. A ginin ƙasa kashewa ta fi, don farin LED mai 6500K a kan jan bango yana ba da tabo shuɗi-shuɗi da ke da wuyar gyara. In gini na zamani ne da dole fitilu su fito, ka tuna wutarmu 50Hz ce, fitila tana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Hotunan da suka fi 1/100 sauri za su iya zuwa da haske ko launi daban-daban, ko ratsi-ratsi in shotar lantarki ce. Ka gina jerin a kan 1/100, 1/25, 1/6 zuwa ƙasa, mafi saurin ka bar su don taga kawai. In aka ɗauke wuta ko aka koma janareto a tsakiyar jeri, sake daga farko.

Ɗan Damagaram:
Masu waya kuma kada su ce an bar su. HDR na waya da kansa yake ɗaukar hotuna da yawa ya haɗa, amma yakan haskaka inuwa fiye da kima, abin da Hajiya ta hana. A Android, Open Camera tana da ɗauka hawa-hawa in wayar ta yarda da Camera2, sai ka kwashe hotunan ka haɗa da Enfuse. Wayar ma sai an kafa ta a kan wani abu.

Ɗan Koyo:
Na gyara launin, na rage Shadows zuwa +35, rufin ya dawo da lanƙwasarsa. Gobe da hantsi zan koma don hoton yatsan. Wajen fitarwa fa, don in turo muku nan ku gani?

Injiniya Sabon Gari:
JPEG, sRGB, dogon gefe 2048, inganci 85. Kada ka kunna maɓallin HDR da ke sashen Basic na sabon Lightroom, wannan na allon waya da talabijin masu HDR ne, wani abu ne daban da haɗa hotuna, kuma a wayar da ba ta da shi launin zai iya canzawa. In ta WhatsApp za ka turo, turo shi a matsayin Document don kada ya matse shi inuwar ta farfashe. Haɗo da hoto mafi duhu da mafi haske na jerin, mu duba histogiram ɗinsu.